Kaset ɗin Bungudu

Ranar Litinin da hantsi aka dawo da kaset ɗin daga Bungudu. Marta, mai kula da kwamfutar asibiti, ta fasa ambulan, ta tura shi cikin na'ura, hannun ƙarfen da ke ciki ya ɗauke shi ya kai shi wurin karatu. Aka tsaya ana sauraron ƙararsa kamar ta keken ɗinki. Can allon kwamfuta ya rubuta abin da ya tarar: babu komai a ciki.

Juwairiyya tana tsaye bayan kujerar Marta, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Ta karanta rubutun sau biyu, don duk ɗakin babu wanda ya kai ta sanin abin da ke cikin wannan kaset.

Asibitin na masu ciwon sikila ne, a Tudun Wada cikin Gusau, yana da ƙananan rassa biyu, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Jiya Lahadi tsawa ta faɗa wa falwayar bayan gini, ta bi waya ta ƙone babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya kaf. Da farko ba a tsorata ba, don dama saboda irin wannan rana aka sayi na'urar da ma'aikata ke kira Rumbu: akwati mai tsayin ƙaramin firji, da ramuka ashirin da huɗu na ajiye kaset, da hannun ƙarfe mai kaiwa da komowa a tsakaninsu. Duk Juma'ar ƙarshen wata Rumbu yakan kwafe komai a kaset guda, a kai shi reshe a adana, wannan wata Tsafe, na gaba Bungudu. Na Juma'ar da ta wuce shi ne wannan.

"Wataƙila kan makarancin ne ya yi datti," in ji Marta.

Ta saka kaset ɗin wanki, ya gama aikinsa. Ta kashe Rumbu ta kunna, ta sa ya sake ƙirga ramukansa. Ta duba 'yar sakatar da ke hana rubutu. Ta canza waya. Sau uku kaset na shiga, sau uku amsa ɗaya.

Dakta Abdulaziz, mai asibitin, ya cire tabarau ya murza ido. "Ranar Juma'a kin ce mini ya kwafa."

"Ya kwafa, Dakta. Da idona na ga ya gama."

"To, kaset dai ba ya share kansa."

Kafin azahar maganar ta zaga ko'ina, daga ɗakin magani har bencin mai gadi. Kowa ya san mutum biyu ne kawai suka iya Rumbu, Juwairiyya da Marta. Juwairiyya kuwa tun Alhamis ba ta taka ɗakin ba, tana ɗakin yara wurin 'yarta. Idanu suka koma kan Marta.

A ƙarƙashin tsoron da ya cika mata ciki, Juwairiyya ta ji wani ɗan daɗi na motsi. Ta yi istigfari, amma bai tafi ba.

*

'Yar tata, Asiya, shekararta huɗu. Watan jiya aka ƙara mata jini, jikinta ya ƙi shi, ta kwana biyu tana karkarwa. Dakta ya ce daga yanzu ba kowane jini za a ba ta ba, ko da rukuninsu ɗaya, sai wanda aka gwada da nata. Mutum arba'in da uku suka ba da ɗigon jininsu, ma'aikata da maƙwabta da abokan mahaifinta. Mako uku ana gwaji, aka samu biyu da suka dace. Sai dai a jikin kwalaben lamba ce kawai, sha bakwai da talatin da ɗaya. Sunan mai kowace lamba yana cikin kwamfuta, don kare sirrin mutane. Yanzu jinin Asiya na sauka, Dakta ya ce kada a wuce Alhamis.

Juwairiyya ta tarar da nata mahaifin zaune a tabarma gefen gadon. Baba Arzika ya taso daga ƙauyen Karakkai, can gefen Bungudu, da ya ji jikarsa na kwance. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata, har ta kai in an kore wa mutum garke, gidansa ake fara zuwa kafin gidan hakimi.

"Amaryata ta ƙi ni," in ji shi. "Na kawo mata ɗinya, ta ce sai wata Anti Marta ta zo ta ba ta."

"Ina Anti Marta?" in ji Asiya, da 'yar muryar da ta rage mata.

"Tana aiki." Juwairiyya ta gyara mata zane da ƙarfin da ya fi bukata.

Ita ta kafa Rumbu da hannunta shekara huɗu da suka wuce. Ita ta manna wa kowane kaset lambarsa. Da jinyar Asiya ta yawaita, aka ɗauko Marta, 'yar Malam Luka kafinta, mai takardar shaida daga Kaduna. Cikin shekara guda makulli ya koma hannunta, da kujerar shugabar sashe. Abin da ya fi ci wa Juwairiyya rai shi ne yadda Dakta ke cewa "a tambayi Marta" alhali tana tsaye a wurin. Yanzu har 'yar cikinta.

Ta ba mahaifinta labari a taƙaice. Ya saurara yana murza ƙwallon ɗinya tsakanin yatsu.

"Wa kike zargi?"

"Wa ke da makulli, Baba?"

"Ba shi na tambaye ki ba. Mi kika gani?"

Ta kau da kai zuwa gadon Asiya.

"Tashi mu bi abin nan inda ya bi," in ji shi. "Daga inda ya tashi."

*

Inda ya tashi shi ne ɗakin kati. Al'adar asibitin ce duk abin da zai fita sai ya bi ta teburin Malam Haliru, wanda ya riƙe katunan marasa lafiya shekara ashirin da biyu kafin kwamfuta ta zo. Yanzu aikinsa makullin sito da rufe ambulan. Tsoffin fayiloli sun cika kantoci har rufi, yana ta gyaransu kamar gobe za a nema.

"Asabar da safe Marta ta kawo mini shi," in ji Malam Haliru. "Na sa a ambulan, na ba Nura direba. Ni fa, Juwaira, ko kunna kwamfuta ban iya ba, balle sharewa."

"Kowa ya sani, Malam."

Ya sunkuyo, ya rage murya. "An ce wani kamfani a Kaduna na nemanta. Wa ya san abin da za ta tafi musu da shi? Lokacin kati, tsawa nawa aka yi? Kati ɗaya bai ɓata ba. Yarinyar nan ta zo ta ce a daina rubutawa." Ya girgiza kai. "Ke da kika kafa abin, aka ture ki gefe."

Maganar ta shige ta kamar ruwan sanyi. Sau da yawa sun zauna a nan, ita da shi, suna irin wannan hira. Baba Arzika kuwa hankalinsa na wani wuri. Yana tsugune bakin ƙofa yana kallon ƙasa, kamar ya yar da allura.

*

Talata da sassafe suka hau motar asibiti zuwa Tsafe, don a ɗauko kaset ɗin watan jiya. Malam Nura direba, mai furfura a gemu, ya yi ta gumi tun kafin rana ta ɗaga. Ba su kai rabin hanya ba ya fashe da magana.

"Maman Asiya, gara in faɗa da bakina. Ranar Asabar ban wuce Bungudu kai tsaye ba. Na fara zuwa Tsafe da magani. Kuma na ɗauko wa ƙanina manyan lasifika biyu na walima. Ambulan ɗin a kansu ya zauna." Ya share gumi. "Jiya wani ya ce mini akwai maganaɗisu a cikin lasifika, yana shanye abin da ke cikin kaset. In ni ne, ki faɗa mini."

Baba Arzika ya juyo daga kujerar gaba. "Hakanan ne, ɗiyata?"

Da ta so, sai ta ce wataƙila, a bar shi a haka. Amma ta san aikinta.

"Ba kai ba ne, Malam Nura. Irin wannan kaset ba na waƙa ba ne, lasifika ba ta iya masa komai. Kuma da maganaɗisu ne ya taɓa shi, da ya lalata layukan da na'ura ke bi, ta tofar da shi. Wannan ta karɓe shi lafiya lau. Cewa ta yi babu komai, ba ta ce ya lalace ba."

Malam Nura ya sauke ajiyar zuciya, har motar ta ɗan yi tangal-tangal.

Sun dawo Gusau kafin sha ɗaya. Kaset ɗin Tsafe ya shiga Rumbu, ya buɗe ba gardama, bayanan yara ɗari huɗu suka dawo. Nas-nas suka yi ta hamdala. Amma na watan jiya ne, kafin a yi rajistar masu ba Asiya jini. Sha bakwai da talatin da ɗaya ba su da suna.

"Aƙalla mun san Rumbu lafiyarsa ƙalau," in ji Marta. Idanunta sun kumbura. "Maman Asiya, wallahi ban..."

"Ban ce kin yi ba," in ji Juwairiyya, ta fita ba ta dube ta ba.

*

Da azahar suka isa Bungudu. Iya Hafsatu, tsohuwar nas da ke riƙe da reshen, ta san Baba Arzika tun suna yara.

"Arzika, har yanzu kana bin kashin shanu?"

"Ke kuma har yanzu kina soke 'ya'yan mutane da allura."

Ta kai su ɗakin ciki, ta buɗe akwatin ƙarfe. Ɗacin ganyen darbejiya ya taso. Busasshen ganye ne shimfiɗe a ƙasan akwatin, kamar yadda ake yi wa rumbun gero.

"An ce in ajiye shi inda babu zafi, babu ƙwaro," in ji ta. "Ni abin da na sani ke nan. Makullin a wuyana yake kwana. Shekara huɗu ko gizo-gizo bai shiga akwatin nan ba. Sai wannan karon, na buɗe jiya, ga kiyashi sun yi layi sun shiga ambulan. Na karkaɗe su na ba Nura."

"Kiyashi," in ji Baba Arzika.

"Damina ce, Baba," in ji Juwairiyya. Hankalinta na can wurin agogo.

Tsohon ya tsugunna, ya bi gefen akwatin da yatsa har inda fenti ya ɓare, 'yar kafar da suka shiga. "Damina huɗu ta wuce kan akwatin ga. Kiyashi ba su ratsa darbejiya don roba. Da wani abu a ciki da suka ji."

*

Laraba da safe leɓɓan Asiya sun yi fari. Mahaifinta, Abubakar Sadiƙ, ya ce a kira mutum arba'in da ukun a sake gwaji. Dakta ya ce ko an tara su yau, sakamako sai mako mai zuwa.

Baba Arzika ya ce a kai shi ɗakin Rumbu. Ya cire takalmi a ƙofa kamar zai shiga masallaci. Marta ta miƙe ta ba shi kujera, ya ce ƙasa ta fi masa. Ya sa aka jera masa kaset ɗin Tsafe da na Bungudu a gabansa, ya yi ta juya su a hasken taga.

"Waɗannan tare aka saye su?"

"Rana ɗaya, Baba. Ni na manna musu lamba."

"Hannun ƙarfen nan, a ina yake kama su?"

Ta nuna masa 'yan ramuka biyu a gefe.

"Dubi na Tsafe. Wurin ya goge, ya yi sheƙi, kamar wuyan san noma. Dubi wanga." Ya miƙa mata na Bungudu. "Takardar goshinsa ta tsufa, ta yi ja. Jikinsa ko ƙwarzane babu. Ɓarayin shanu suna yin haka, su kwance ƙararrawar saniyarka su rataya wa wata, kai ta bin ƙara."

Juwairiyya ta ji kunnuwanta sun yi zafi. A cikin kowane kaset akwai wani ɗan abu kamar ƙwaƙwalwa da ke ƙirga sau nawa ya shiga na'ura. Ta san da shi tun ranar da ta kafa Rumbu. Minti biyu ya isa a duba. Marta ta ruɗe ne ta manta. Ita kuwa kwana biyu ba ta duba ba, don zuciyarta ta riga ta zaɓi amsar da take so.

"Matsa," ta ce wa Marta a hankali. Ta zauna, ta saka kaset ɗin, ta buɗe shafin.

Sau huɗu. Uku na ranar Litinin, da na yanzu.

"Sabo ne," in ji Marta. "Ba a share komai ba. Na gaskiyar yana wani wuri."

"Rumbu makaho ne," in ji Juwairiyya. "Lamba kawai yake karantawa."

Tana faɗin haka ta tsaya. Ta taɓa furta wannan magana, da waɗannan kalmomi, a wani ɗaki.

Baba Arzika ya karɓi kaset ɗin da ya fito, ya sa farce ya ɗaga kusurwar takardar. Wani farin abu ya bushe a ƙarƙashi, yana ɓarɓashi. Ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe.

"Kira mini mai asibitin," in ji shi. "Da duk wanda abin ga ya bi ta hannunsa. A ɗakin katunan nan za mu haɗu."

*

Suka taru tsakanin kantoci: Dakta Abdulaziz, Marta, Malam Nura, Iya Hafsatu da ta zo karɓar magani, da Malam Haliru a bayan teburinsa. Nas biyu suka laɓe a ƙofa.

Baba Arzika ya ajiye kaset ɗin a ƙasa kusa da ƙafar tebur, ya zauna ya miƙe ƙafafu.

"Baba, lokaci muke nema," in ji Dakta.

"Kaɗan ya rage, likita. Masu shaidata ƙanana ne, tafiyarsu a hankali take. Kafin su iso, ɗiyata, faɗa musu."

Juwairiyya ta yi bayani. Ba a share kaset ba, canza shi aka yi. An ɓare takardar lambar daga na gaskiya, aka manna wa sabo. Wannan ba ya bukatar sanin kwamfuta, ba ya bukatar makullin Marta. Sabon kaset kawai yake bukata, kuma kwalinsu na cikin sito.

"Takardar da ta shekara huɗu a manne, in an ɓare ta ba ta sake kamawa," in ji ta. "Sai an sa mata wani abu."

"A ofishina gam na kanti muke da shi," in ji Marta.

"Ni ko ambulan ban buɗe ba," in ji Malam Nura.

"Ku dubi ƙasa," in ji Baba Arzika.

Tun shekaranjiya ya ga layin, lokacin da yake tsugune a bakin ƙofa. Kiyashi ne, siriri kamar zare, sun fito daga tsagar bango, sun hau ƙafar tebur, sun shige aljihun ƙasa. Yanzu layin ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya karkata, ya hau kaset ɗin, ya taru a gefen takardar lamba.

"Abin da suke nema a aljihun can, shi suke nema a nan. Shi suka ratsa darbejiyar Hafsatu dominsa. Malam, buɗe mana."

Malam Haliru bai motsa ba. Iya Hafsatu ce ta sunkuya ta jawo aljihun. Gwangwanin madara ne, da tsinke a ciki, da ragowar koko da ya yi kauri. Duk asibitin an san shi da wannan: kullum yakan rage kokon karin kumallonsa, mai sukari, ya liƙe yagaggun fayiloli da shi, yana cewa ya fi gam na kanti riƙo.



"Malam Haliru," in ji Dakta. "Shekara ashirin da biyu."

"Kunya kawai na so Marta ta ji." Malam Haliru ya tsura wa gwangwanin ido. "Ta ce Juma'a mai zuwa za ta dawo da kaset ɗin ta nuna maka yadda yake aiki, a gaban kowa. Na ce bari ya ƙi, sau ɗaya, ka ga ba komai take iyawa ba. Washegari in mayar da shi. Ban san za a yi tsawa ba. Tun Litinin sau uku ina ɗauko shi in kawo, in na kai ƙofa in ga mutane, sai ƙafata ta ƙi."

"Wa ya gaya maka canza takarda zai ruɗe na'urar?"

Malam Haliru ya ɗago, idonsa ya sauka kan Juwairiyya, ya sake sunkuyar da kai.

Za ta iya yin shiru. Ta ji mahaifinta na kallonta.

"Ni ce, Dakta. A nan, kan wannan bencin, wata biyu da suka wuce. Na ce Rumbu makaho ne, in aka canza masa lamba, mai takardar Kaduna sai ta yi wata ba ta gane ba. Dariya muka yi." Ta juya wurin tsohon. "Ina yake, Malam? 'Yata ba ta da gobe biyu."

Ya miƙe da ƙyar, ya hau kujera, ya jawo wani kumburarren fayil daga kanta ta sama. Kaset ɗin na ciki, naɗe da tsohon kati, goshinsa babu takarda. Gefensa ya goge, yana sheƙi.

*

Rumbu ya ƙi karɓarsa da farko, don babu lambar da zai karanta. Hannun ƙarfen ya zo ya tsaya a gabansa, ya koma. Marta ta buga sabuwar takarda a firinta, ta ɓare bayanta, sai ta tsaya. Ta miƙa wa Juwairiyya.

"In ta karkace ba zai gani ba. Ke kika iya."

Juwairiyya ta goge goshin kaset ɗin da gefen mayafinta, ta daidaita takardar cikin gurbinta, ta danna da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Hannun ƙarfe ya dawo, ya ɗauka.

Awa biyu da rabi suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon layin da ke cika a allo. Da ya kusa ƙarewa, Marta ta juyo.

"Babu wani kamfani a Kaduna," in ji Marta. "Na ji ana faɗa."

"Na sani. Ki yafe mini."

"Da kin ce mini kina son makullin, da mun je wurin Dakta tare. Tsoronki nake ji tun ranar da na zo."

Kafin la'asar jerin sunayen ya buɗe. Marta ta sauko da shi a hankali. Sha bakwai wani malamin makaranta ne, abokin Abubakar Sadiƙ. Aka kira shi, yana Legas wurin taro, sai Asabar. Ta sauko zuwa talatin da ɗaya.

Juwairiyya ta daɗe tana kallon sunan. Sannan ta tashi.

A ofishin Dakta ta tarar da Malam Haliru zaune a ƙasa, hularsa a hannu. Dakta na riƙe da waya, yana neman lambar 'yan sanda.

"Dakta, ajiye wayar tukuna. Talatin da ɗaya, Haliru Tudun Wada." Ta dubi tsohon. "Ka ci abinci yau, Malam?"

Ya girgiza kai.

"A kawo masa shayi da burodi, a auna shi. In ya so, bayan an ɗiba, ku yi abin da za ku yi. Ni ma ina da nawa bayanin da zan rubuta."

Malam Haliru ya fara naɗe hannun rigarsa tun kafin ya miƙe, hawaye na bin gemunsa.

Da yamma, rana ta yi sanyi, jakar jini na rataye a kan gadon Asiya, tana ɗiga a hankali. Dakta ya tsaya minti talatin yana duba ta, babu zazzaɓi, babu karkarwa. Baba Arzika ya naɗe tabarmarsa, ya ce zai kama motar Bungudu kafin hanya ta yi shiru.

"Baba, da ba ka zo ba..."

"Kin fi ni sanin abin nan sau dubu," in ji shi, yana saka takalmi. "Sawun na gabanki tun Litinin. Wani wuri kike kallo."

Asiya ta buɗe ido. Ta dubi ledar ɗinya da ke kan loka, ta dubi ƙofa.

"Mama, ina Anti Marta?"

Juwairiyya ta saurari cikinta. Ɗan kishin na nan, bai mutu ba, ya ɗan motsa kamar yadda ya saba. Ta gyara wa yarinyar matashi, ta duba allurar da ke hannunta, ta ja mayafi.

"Kwanta, kada ki motsa hannun. Bari in je in kira miki ita."